Yaya Ilyasu da Ramin da Aka Ce Ya Huta

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Ilyasu makwancinsa. Na so in rubuta wannan cikin natsuwa, in faɗi kirkinsa, in roƙa masa gafara, in ajiye alƙalami. Amma raina a ɓace yake, kuma ban taɓa iya ɓoye ɓacin rai ba, shi kansa ya sha faɗa mini. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon jama'a su saurari magana har ƙarshenta, yau rabin maganarsa ce take yawo a bakin masu haƙar zinariya daga Randagi har Kazage, suna kafa hujja da ita. Rabin maganar nan kuwa ta kusa cinye gonar da mahaifinmu ya bar mana.

Mu uku ne a wurin Baba. Yaya Ilyasu ne babba, sai ni Mamuda, sai autanmu Sale. Yaya kaɗai ya yi karatu mai zurfi. Ilimin duwatsu ya karanta a jami'a, bai sami aikin da ya dace da karatun ba, ya dawo Birnin Gwari ya kama koyarwa a sakandare har ciwon ajali ya kwantar da shi. Ni a aji uku na tsaya, na ce kaina ba ya ɗauka, alhali ƙiwuya ce kawai. Kayan gyaran babur nake sayarwa a cikin gari. Sale kuwa noma ya riƙe, shi ne mai kula da gonarmu ta gado da ke wajen Randagi. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya hana a raba ta. Ya ce gona idan aka yanka ta uku, 'ya'yanmu za su yanka ta goma, jikokinmu kuma su gaji kunyar shuka biyu-biyu.

Abin da har yau yake ba ni mamaki game da shi, mutumin daji ne, ɗan manomi, amma hankalinsa yana teku. Sau ɗaya ya taɓa ganin ta, da ya je Legas, ya dawo yana cewa bai ga komai ba, don abin da yake son gani yana can tsakiya, kuma a ƙasa. Idan an tashi makaranta yakan biyo ta shagona, ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya fara.

A cewarsa, a can ƙarƙashin ruwa, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, akwai jerin tsaunuka da ya zagaye duniya kamar ɗinkin ƙwallo. Tsakiyar jerin a tsage take. Ƙasan teku na wannan gefe da na wancan gefe suna ja da baya daga juna, a hankali ƙwarai, gwargwadon yadda farce yake tsirowa. Narkakken dutse yana tasowa ya cike gurbin, ya haɗu da ruwan sanyi, ya daskare dunƙule-dunƙule kamar an jibge matasan kai. Ya ce a nan ake ƙera sabuwar ƙasa, yau ɗin nan, muna zaune a benci. Ya ce da can mu da mutanen Birazil maƙwabta ne, wannan tsagar ce ta shiga tsakaninmu.

Sai kuma ruwan zafi, wanda shi ne abin da ya fi ƙauna. Ruwan teku yana tsiyaya cikin tsagogin dutsen, ya yi ƙasa har ya kusanci wutar, ya yi zafin da ya wuce na tafasa nesa ba kusa ba, amma nauyin tekun da ke kansa ya hana shi tafasa. A wannan zafin yake narkar da abin da ke cikin dutsen, baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da farar wuta, har da ɗan ɓurɓushin zinariya. Ya taso da su, ya ɓullo cikin ruwan sanyi, nan take ya zubar da kayan da ya ɗauko. Sai ka ga baƙin abu yana tuƙuƙi kamar hayaƙin taya, yana gina wa kansa bututu mai tsawo. A gindin bututun akwai halittu, tsutsotsi masu jajayen kawuna da fararen ƙaguwa, suna rayuwa ba su san an halicci rana ba. Idan ya kawo nan sai ya ce Subhanallahi, ya buɗe baki zai ci gaba.

A daidai nan ne kullum muke tare shi. "To Malam, zinariyar fa?" Haka masu gyaran babur suke cewa, haka ɗalibansa, haka ni. Ni na fi kowa laifi, don ni ne mai shagon, kuma ni nake fara miƙewa in ce ga mai saye ya zo, ko da babu kowa. Sannan idan ba ya nan, ni ne mai zuwa teburin mai shayi in yi ta tinƙaho da shi, in ce yayana ya ce ƙasa tana aman ƙarfe a ƙarƙashin teku. Iyakar abin da na riƙe ke nan, shi nake rabawa. Ina da son a ce na sani, ba ni da haƙurin sanin. Har gobe haka nake, ina dai neman tsari.

A gefen arewa na gonarmu akwai wani layin farin dutse da ya ratsa ƙasa, inda garma take yawan karyewa. Wata rana bayan girbi Yaya ya kai mu wurin, ni da Sale, ya durƙusa ya shafa shi. Ya ce wannan tsohuwar tsaga ce, ruwan zafi ya taɓa bi ta cikinta lokacin da wurin yake can ƙarƙashin ƙasa, ya bar farin dutsen nan da abin da ya ɗauko. Ya ce tamu ba teku ba ce, amma aikin iri ɗaya ne, dole sai abu uku sun haɗu: wuta a ƙasa, da tsaga, da ruwa mai yawo. Na tuna ya ƙara wata magana a kan wutar. Na kuma tuna ina kallon tayar babur ɗina da ta yi laushi, Sale yana ƙwaƙular dutsen da lauje.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu zazzaɓin zinariya ya kama yankin. Masu haƙa suka zo suka roƙi gefen farin dutsen. Sale ya yarda, ni ma na yarda, ban ma jira an gama roƙona ba. Suka haƙa rami mai zurfi, suka sami abin da suka samu, jijiyar zinariyar ta ƙare, suka tafi suka bar mana tulin tsakuwa da ramin da yake cika da ruwa duk damina. Daga nan aka shiga shekarun da kowa ya sani, da 'yan bindiga suka sa daji ya gagari masu shi. Hanyar Randagi ta zama sai da addu'a, daga baya ko da addu'ar ba a bi. Aka kore wa Sale shanun huɗarsa, ya kwaso iyalinsa ya dawo gari yana ɗaukar fasinja a babur ɗin aro. Gona ta zama saura.

Da abin ya ɗan lafa mutane suka fara komawa, sai wata magana ta fito: ramuka sun huta.

Wanda ba manomi ba ba zai gane yadda maganar nan take shiga kai ba. Mu mun tashi mun san idan gona ta gaji akan bar ta, ciyawa ta rufe ta, bayan 'yan shekaru a dawo a tarar ƙarfinta ya komo. Masu haƙar nan kuwa duk manoma ne da suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Sai suka ɗauki dokar gona suka ɗora wa rami. Wai idan aka bar rami ya huta, zinariya tana dawowa. Suna da shaida ma: ka je tulin tsohon rami bayan damina ta wanke shi, ka ɗebo ka tace, za ka ga ƙyalli a gindin kwano. Yaya ya taɓa yin bayanin wannan a kan tsofaffin ramukan zamanin Turawa, ya ce ragowar da na farko suka zubar ne cikin gaggawa, ruwan sama ya kwashe yashi ya bar mai nauyi a wuri ɗaya. Wa ya riƙe wannan? Abin da aka riƙe shi ne, Malam Ilyasu, wanda ya karanci dutse a jami'a, ya ce ƙasa ba ta daina haihuwa ba. Rabin masu faɗar haka ɗalibansa ne. Sauran rabin a teburin mai shayi suka ji.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Duk rayuwarsa hoton littafi yake nuna wa yara, sai wani faifan bidiyo da abokin aikinsa ya kawo masa, wanda kullum yake sarƙewa daidai lokacin da fitilar jirgin ƙarƙashin ruwa za ta haska bututun. Ya sha hura masa iska, ya goge da gefen riga, a banza. Yanzu abin yana cikin aljihun kowa. A waya na fara ganin sa, kuma Sale ne ya kawo mini, da hantsi, tare da abokansa biyu masu haƙa.

"Yaya Mamuda, zo ka ga abin Malam."

Na karɓa na duba. Ga shi nan kuwa, yadda ya faɗa, baƙin tuƙuƙin da bututun da fararen ƙaguwar suna hawa kan juna. Sai da na share ido da hannun riga.

"To ka gani," in ji Sale. "Ko yanzu tana kan yi. Ramin nan namu shekara nawa yana hutawa? Mutanen nan suna da inji, za su bi farin dutsen su shiga ciki."

"Cikin ina?"

"Cikin gonar mana. Jijiyar ai ba ta tsaya a gefe ba."

"Sale, a gonarmu ka ga teku?"

"Ƙasa ai ɗaya ce, Yaya."

"Ka taɓa tsoma hannu a ramin nan ka ji ɗumi? Kwaɗi ne a ciki. Kwaɗi ne za su haifa maka zinariyar?"

Abokansa suka yi dariya. Da ina da hankali, a nan zan tsaya, in sallame su, in kira ƙanina gefe. Mutum ne da ya rasa shanunsa, yake kwana da yara bakwai a ɗakin haya, ba mahaukaci ba ne don ya ga ƙyalli ya miƙa hannu. Amma dariyar ta yi mini daɗi. Na ci gaba. Na ce za su fafake gonar ta zama kamar gidan gara, su wanke dutsensu a fadama su kashe ta. Wannan gaskiya ne. Sannan na kira shi jahili a gaban mutane, ni mai aji uku.

Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ya ce, "Shi ke nan, Yaya. A raba. A ba ni nawa in yi jahilcina a ciki."

Abin da Yaya Ilyasu ya tare tun rasuwar Baba, na ɓalle shi kafin azahar.

Na bi dattawa, na bi liman, kowa ya ce hakkinsa ne, ba mai hana magaji rabonsa. Aka sa rana bayan an gama kwashe dawa. Muka tafi a babura, da liman da dattawa biyu masu igiyar awo, da Yaya Asabe, matar marigayi, wadda 'ya'yanta suka ce bakinta shi ne nasu. Aka auna gona aka yanka uku. Kashin kudu shi ne fadama, mai yin shinkafa da rake, ko da rani ba ya bushewa. Na tsakiya jigawa ce mai kyau. Na arewa kuwa shi ne farin dutse da rami da tulin tsakuwa, har dattawa suka ɗan faɗaɗa shi saboda muninsa. Sale yana tsaye hankalinsa kwance, ya san ba mai son wannan sai shi.

A gidanmu babba ne yake fara zaɓa. Tunda babban ya rasu, iyalinsa ne a gurbinsa. Liman ya juya ya ce, "Asabe, bismilla." Kowa ya riga ya juya fuska wajen fadama.

Ta gyara mayafi ta ce, "Mu dutsen muke so."

Sale ya yi 'yar dariya, ya ɗauka wasan da suka saba ne na ƙanin miji. "Haba Yaya Asabe. Me za ki shuka a kan dutse?"

"Ba abin da zan shuka. Zama zan yi a kai."

"Marayu fa gare ki."

"Marayun da suke aure suna haihuwa? Kai ka ji da naka bakwai." Ta matso kusa da shi. "Kai da kake ta Malam ya ce, Malam ya ce. Shekara ashirin ina jin tekun nan safe da yamma, tuwona ya sha hucewa a kanta. Ku kuna da shago, kuna da gona, kuna da wurin gudu. Ni ba ni da shi, na ji ta har ƙarshe. Ya ce ko a can ƙarƙashin tekun, idan wutar ta janye, bututun mutuwa yake, ya huce ya rushe, tsutsotsin su ƙare. Ya ce wutar da ta yi dutsen gonar nan ta mutu tun ba a halicci ɗan Adam ba. Murhu ya huce, auta. Ko ka bar shi ya huta har tashin ƙiyama, ba ya ƙara dafa komai."

Na raɗa mata cewa ta sake tunani, fadamar nan za ta riƙe gidanta. Ba ta ko rage murya ba. "Kai kuma Mamuda ka yi mini shiru. Bakinka ne ya kawo mu nan."

Liman ya yi gyaran murya ya ce saura ni. Ba zan yi ƙarya a takardar da na sa sunan mamaci ba: raina fadamar ya so. Na tsaya ina kallon koriyar ciyawarta har na ji idon Yaya Asabe a ƙeyata. Na ce na ɗauki tsakiya. Ta haka na zama katanga tsakanin Sale da farin dutsen, shi kuma fadama ta faɗo masa. Ban taɓa ganin mutum ya sami mafi kyawun kaso a rabon gado ya hau babur cikin fushi ba sai ran nan. Ko addu'ar rufewa bai tsaya ba.

To ga inda muke, shekara tara bayan Yaya. Gonar da ya ce kada a yanka an yanka ta. 'Ya'yansa, waɗanda suka fi kowa hakki a kan wahalarsa, sun tashi da tsakuwa. Ban sani ba ko zai gode wa matarsa ne ko zai yi mata faɗa, wataƙila duka biyun, a jere, da dogon bayani a tsakani. Sale ya shuka shinkafa, ta yi kyau, gaisuwarmu kuwa ba ta wuce ina kwana. Da rani yana bin masu inji zuwa ramukan wajen Kazage, kuma an faɗa mini har yanzu idan gardama ta tashi yakan ciro waya ya ce Malam ya ce. A makon jiya ma wani ya tsaya a shagona sayen sarƙar babur, yana ba ni labarin wani malamin sakandare da ya gano cewa zinariya tana tsiro kamar rogo. Ya tambaye ni ko na san shi.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Ilyasu, sai in rasa wanda zan yi wa fushi. Ya koyar da yara masu yawa, sun zama manya, akasarinsu sun riƙe inda maganarsa take da daɗi, sun yar da inda take da amfani. Bai bar gini ba, bai bar mota ba. Ya bar wa garin da ba ya kusa da ko babban kogi labarin wani wuri mai duhu a tsakiyar teku inda Ubangiji yake ta ƙera ƙasa ba tare da ya nemi mai kallo ba, kuma duk wanda ya taɓa jin labarin nan daga bakinsa, ko ya karkatar da shi, bai manta ba. Cikakkiyar maganar kuwa mutum ɗaya ce ta riƙe, ita ma don ba ta da yadda za ta yi ne. Amma da ita ɗin aka tsare gonar.

Bayan rabon na je gidanta na ce zan riƙa kawo musu wani abu daga amfanin kashina. Ta ce ba ta so. Ta ce abin da take so a cike mata ramin, kada saniyar wani ko ɗan wani ya faɗa a ce a gonar Ilyasu ne. Na ce zan nemo ma'aikata. Ta ce a'a, ni take so, da shebur ɗina, ko hannu zai koya wa baki wani abu.

Duk ranar da ba kasuwa nakan rufe shago in tafi. Na gano cewa tsakuwa ta fi saurin fitowa daga rami a kan komawa, kuma gadon bayan mutum mai shekaruna ba na shebur ba ne. Allah ya ji ƙan Yaya Ilyasu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana mu da muka riƙa katse shi. Cikon ramin bai kai rabi ba, damina kuma ta kusa.